Fuskar Wuƙa: Mai Ƙyalli, Mai Layuka, Wankin Tsakuwa ko Baƙin Shafe?

Wuƙaƙe biyu na iya fitowa daga ƙarfe iri ɗaya, kaurinsu ɗaya, taurinsu ɗaya, amma kafin damina ta fita ɗaya ta cika da jajayen ɗigon tsatsa, ɗayar kuwa ko tabo babu. Galibi abin da ya raba su shi ne aikin ƙarshe da aka yi wa fuskar ruwan wuƙar, wato faɗin nan da ya taso daga bayanta zuwa inda aka fara karkata kaifi. Wata an goge ta har mutum na ganin kansa a ciki, wata an bar mata siraran layuka, wata an jujjuya ta cikin tsakuwa, wata an fesa mata ƙwayoyin gilashi, wata kuma an shafe ta da baƙi. Mai saye yakan ɗauka ado ne kawai, alhali wannan aikin ne ke nuna yadda wuƙar za ta tsufa a hannunsa.

Tun farko a san iyakar abin. Gyaran fuska ba ya ƙara kaifi, ba ya kuma sa kaifi ya daɗe. Bakin da ke yanka tsurar ƙarfe ne a kowace wuƙa, ko da an shafe sauran jikinta da abin da ya fi komai tauri, domin washin farko ma yana kankare shafen daga wurin. Kaifi da daɗewarsa suna ga irin ƙarfen, da yadda aka ƙona shi aka tsoma aka sake ɗumama shi, da kuma sirantar da aka yi wa bakin. Ikon fuska ya tsaya a kan saurin kama tsatsa, da yadda karce ke bayyana, da yadda abin da ake yanka ke zamewa ko mannewa, sai kuma tambayar da aka fi mantawa a gaban mai sayarwa: idan fuskar ta lalace, mai wuƙa zai iya maido da ita da hannunsa?

Sai an fara sanin ƙarfen

Gyara iri ɗaya yana iya zama alheri ga wani ƙarfe, ya zama masifa ga wani. Baƙin ƙarfe irin wanda ake kira 1095, mai kabon kusan kashi 0.95 cikin 100, da sifirin mota da maƙeranmu ke ƙera wuƙa da adda da shi, wanda yawancinsa kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.6 ba, ba su da wani abin a zo a gani da ke kare su daga tsatsa. A bar musu ruwan albasa na minti goma, za a ga canji. Ƙarfen da 'yan kasuwa ke kira sitenles kuwa yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5, na wuƙa kuma yakan kai 13 zuwa sama. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata 'yar fata da ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa. Gishiri ne babban abokin gabanta, kuma akwai gishiri a jini, a zufa, a iskar bakin teku. Akwai na tsaka-tsaki kamar D2: kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 12, amma kabon ɗinsa mai yawa, kusan kashi 1.5, ya riƙe kaso mai tsoka daga ciki, saboda haka yana yin ɗigon tsatsa fiye da yadda yawan kuromiyam ɗinsa ke nunawa.

Ƙa'ida guda ce ke tafiyar da duk fuskar da ba a shafe ba. Gwargwadon sulɓinta, gwargwadon rashin wurin da ruwa da gishiri za su maƙale. Mai ƙyallin madubi ce a gaba wajen jure tsatsa, mai layuka masu laushi da wankin tsakuwa na biye, mai feshin gilashi ce a can baya.

Mai layuka, wadda ake kira satin

Ita ce aka fi samu a wuƙaƙen girki da na fawa, kuma ba banza ba. Ana yin ta da sanfefa mai lamba 320 zuwa 600 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin sanfefar), layukan duk suna bin hanya ɗaya. Idan na inji ne, layukan kan sauko daga bayan wuƙa zuwa baki. Idan na hannu ne, suna bin tsawonta daga ƙota zuwa tsini, kuma wannan ya fi tsada domin yana cin lokaci. Tana da ɗan haske ba mai kashe ido ba, tana wankuwa cikin sauƙi, abinci kuma ba ya manne mata kamar yadda yake manne wa madubi.

Rauninta shi ne duk karcen da ya gitta layukan sai ya fito fili. Amma fuska ce da mutum zai iya maido da ita sabuwa a gida da kayan da ke kowane shagon kayan gini. A ɗaure wuƙar a kan katako yadda ba za ta motsa ba, a rufe bakin da salatif don kare yatsu. A naɗe sanfefa a jikin ɗan katako mai lebur, kada a riƙe ta da yatsa tsirara, domin yatsa na bin rami ya ƙara zurfafa shi. A ɗiga ɗan mai. Idan karcen mai zurfi ne a fara da 220, a goge a karkace har ya ɓace. Sai a koma 400 a canza hanyar gugar, saboda da haka ne ake gane ko layukan 220 sun gama fita: muddin ana ganin ko ɗaya, ba a wuce gaba. A zagayen ƙarshe a ɗauki sabuwar sanfefa, a ja ta daga ƙota zuwa tsini, a ɗaga, a dawo, a sake ja. Mai kai da komo a wannan matakin zai bar ƙananan lanƙwasa kamar ƙugiya a inda hannunsa ya juya, kuma su ne ke tona aikin gaggawa.

Akwai abin da ake sayarwa da sunan satin wanda bai kai ba. Wuƙar da aka sauke daga giranda kai tsaye, ko aka tsaya da ita a lamba 80 ko 120, layukanta kwari ne da farce ke ji. Jini da kitse suna kwanciya a ciki, soso ba ya kai musu, daga nan tsatsa da ƙarni ke tasowa. Wuƙaƙen maƙera da yawa ƙarfensu mai kyau ne, nan kawai aka gaza. Rabin sa'a da sanfefa 220 sannan 400 yana mai da irin wannan wuƙar wata aba daban.

Ƙyallin madubi

Ana ci gaba ne daga inda satin ya tsaya: 800, 1000, 1500, 2000, sannan a kai ta kan faifan ƙyalle mai juyawa da sabulun goge ƙarfe. Babu wadda ta kai ta jure tsatsa a cikin marasa shafe, babu kuma wadda ta kai ta saurin tsabta, shi ya sa ta dace da aska da siririyar wuƙar gyaran kifi.

Sai dai kyanta na ranar farko ne. Yashi ya fi ƙarfen wuƙa tauri: ƙarfen da ya kai 60 a ma'aunin tauri na Rockwell yana wajen 700 a wani ma'aunin taurin mai suna Vickers, ƙwayar yashi kuwa ta haura 1,000. Ƙurar hunturu da ta shiga kube ta isa ta zana mata layi duk lokacin da aka zare ta, wanki ɗaya da soson ƙarfe kuma ya gama da ita. Gyaran karce guda yana nufin sake bin dukkan matakan a faɗin fuskar gaba ɗaya. A kicin ma tana da matsala: doya, dankali da kabewa suna damƙe fuska mai sulɓi sosai, saboda ruwansu yana kore iska tsakanin su da ƙarfen, sai yankan ya yi nauyi, kowane yanki sai an ɓamɓare shi da yatsa.

Wanda zai ba da aikin goge wuƙa ya lura da zafi. Faifan guga yana ɗumama siririn baki da tsini da sauri. Idan launin ƙarfen ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya haura digiri 200. Idan ya yi shuɗi, ya kusa 300, kuma baƙin ƙarfe ya riga ya saki taurinsa a wurin, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wajen da washi. Faifan kuma yana fizge wuƙa daga hannu ya jefar, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne. A kasuwa, wuƙa mai araha mai ƙyalli sosai a karkata ta a hasken rana a duba: sau da yawa an goge saman ne kawai, zurfafan layukan giranda suna nan kwance a ƙarƙashin ƙyallin.

Wankin tsakuwa

Ga wuƙar aljihu da ake aiki da ita kullum, wannan ne zaɓin da ya fi kwantar da hankali. Ana zuba ruwan wuƙar a cikin injin da ke girgiza tare da 'yan duwatsun tangaran, su yi ta bugunta ta kowace fuska har ta cika da dubban ƙananan karce marasa alkibla. Tun da babu hanyar da layuka suka bi, sabon karce ba shi da abin da zai gitta, sai ya ɓace a cikin 'yan'uwansa. Wuƙar da ta shekara biyu tana yanka kwali, igiya da buhu tana nan kusan yadda aka saye ta. Shatin yatsa ma ba ya fitowa, ba ta kuma walƙiya. Duwatsun suna danne kaushin ƙarfen maimakon su huda shi, saboda haka juriyarta ga tsatsa ba ta da laifi.

Abin da ake rasawa kaɗan ne amma a san shi. Girgizar tana dakusar da kusurwoyi, har da gefen bayan wuƙa da ɗan tsini. Tana kuma ɓoye aikin giranda marar kyau, don haka a duba daidaiton ɓangarorin biyu da kyau kafin a biya. Idan aka yi mata babban rauni, ba a gyara wuri ɗaya, sai an sake wanke ta duka.

Ana iya yi a gida. A kwance wuƙar a fitar da ruwanta shi kaɗai. Idan mai naɗewa ce, a shafa jan farce a kewayen ramin ƙusar da take juyawa a kai da kuma wurin da makulli ke kamawa, a bari ya bushe. Wanda ya tsallake wannan zai tarar wuƙar ta koma tana kaɗawa ko makullin ba ya zama daidai, kuma ba a maido da ƙarfen da ya tafi. A sami gorar roba mai kauri mai faɗin baki, a zuba tsakuwa mai sulɓi masu girman gyaɗa zuwa goro har rabi, a ƙara ɗan ruwan sabulu. Tsakuwar kwalta mai kaifi ba ta yi, tana tsaga layi mai zurfi. A girgiza minti 15 zuwa 20, a fitar a wanke a duba, a ƙara idan bai kai ba. Bakin zai mutu gaba ɗaya, dole a sake wasa shi daga farko.

Akwai mai duhu, wadda ake fara tsoma ta a asid kafin tsakuwa. Ana amfani da ferik kulorayid, sinadarin da masu haɗa allon lantarki ke cin tagulla da shi, kashi ɗaya a ruwa kashi uku ko huɗu, a cikin roba ko gilashi, ban da kwanon ƙarfe. A wanke maiƙo tas tukuna, domin duk inda yatsa ya taɓa zai fito fari. Bayan 'yan mintoci a ciki sai a fitar, a tsoma a ruwan bekin soda ko ruwan kanwa don a kashe asid ɗin, in ba haka ba zai ci gaba da cin ƙarfen. A sa safar hannu da abin kare ido. Launin toka mai duhu da ke fitowa yana ɓoye karce fiye da kowanne, amma kada a ɗauka kariya ce. Asid ya ɗan ƙara wa fuskar kaushi, tana son mai fiye da da.

Feshin gilashi ba ya bukatar dogon bayani. Ana harba ƙananan ƙwayoyin gilashi ko yashi da iska mai ƙarfi, fuskar ta koma toka-toka marar haske. Kamfani na son sa don yana rufe layukan giranda cikin 'yan mintoci. Abin da ya bari kuwa miliyoyin ƙananan ramuka ne, kowanne na riƙe zufa. Ko sitenles ne, musamman masu matsakaicin daraja irin su AUS-8 da 8Cr13MoV, balle D2, kwana kaɗan a aljihun mai zufa a watan Afrilu sun isa a ga ɗigon ja. Karce kuma yana fitowa a kanta da haske. Mai irin wannan wuƙar ya goge ta zuwa satin ko ya yi mata wankin tsakuwa. Wanda bai saya ba ya wuce ta, sai dai idan an yi feshin ne a matsayin shimfiɗar da za a ɗora shafe a kai.

Baƙin wuta da launin da aiki ke bari

Baƙin ɓawon da wuta ke bari a jikin ƙarfe, wanda maƙeri kan ƙyale a saman wuƙa ya goge wajen baki kawai, fuska ce mai zaman kanta. Maƙeran Japan, irin na Sakai da na yankin Tosa, suna barin sa da gangan a wuƙaƙen girki, suna kiran sa kuro'uci. Yana da ɗan kaushi mai riƙe mai, yana rage tsatsa a inda ya rufe, kuma yana rage kuɗin aiki. Yana goguwa a hankali da wanki. A sabuwar wuƙar maƙera a bi shi da buroshin waya tukuna, don duk ɓawon da bai kama ba ya zube a waje maimakon cikin nama.

Su Japanawan suna da mai tambarin guduma, wadda ake cewa tana hana abinci mannewa. Tana taimakawa kaɗan a kan abu mai tsayi kamar dankali. Amma ramukan suna can sama, siririn yankan albasa bai ma kai gare su ba. Abin da ya fi sakin abinci shi ne fuskar da aka ɗan yi wa tudu daga baya zuwa baki, kowane irin gyara aka yi mata.

Baƙin ƙarfen da aka goge kuwa, ko an so ko ba a so, zai canza launi. Nama mai ɗumi yana ba shi shuɗi-shuɗi, albasa da tumatir suna ba shi toka ko ruwan ƙasa. Wannan launin da za a gani a wuƙar mai tsire ba datti ba ne, kuma kuskure ne a riƙa kankare shi da toka kullum. Siririyar fata ce da ke rage saurin jar tsatsa, tana kuma hana wuƙa baƙanta albasa da sa mata warin ƙarfe, abin da sabuwar wuƙa ke yi a makon farko. Bambanta su ba wuya: launin kirki yana da sulɓi, ba ya fita a tsumma. Tsatsa ja ce ko ruwan lemo, farce na jin ta, tana bin tsumma. Ita ce ake cirewa nan take da ɗan kwaɓin bekin soda ko toka mai laushi.

Mai son ya gaggauta launin ya wanke wuƙar da sabulu, ya goge ta da sifirit, ya tsayar da ruwanta a cikin binega mai ɗumi minti 10 zuwa 15 ba tare da ƙotar ta shiga ba. Ya fitar, ya ɗauraye, ya bi da ruwan soda ko kanwa, ya busar, ya maimaita sau biyu ko uku. Ruwan tsamiya da lemon tsami ma suna yi, sai dai launin kan fito dabbare-dabbare. Tsoma sau ɗaya na tsawon dare shi ke kawo matsala: ƙarfen yana yin ramuka, baƙin da ya taru kuma yana gogewa da tsumma. Bayan an gama a ɗan bi bakin da dutse, domin asid ya ci siririn kaifin.

Shafe: baƙi ba iri ɗaya ba ne

A nan aka fi cutar mai saye, saboda abubuwa biyar ko shida masu nisan bambanci duk baƙi ne a ido. Kauri ne ya fi saurin raba su. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, gashin kai kuma yana wajen maikiron 70.

Na ƙasa duka fenti ne, irin na wuƙaƙe masu araha, har da na kicin masu launi-launi. Yana ɓarewa daga wajen baki, ɓarɓashin ya bi abinci, ruwa kuma ya shiga ƙarƙashin wanda ya rage ya yi tsatsar da ba a gani. Araha ba ta ado. Auduga da ruwan goge jan farce a wani lungu kusa da ƙota sukan tona shi, domin yawancin fenti yana narkewa ya baƙanta audugar.

Sai garin roba da ake fesawa a gasa a tanda, mai kaurin maikiron 50 zuwa 100 ko fiye. Shi ne a jikin wuƙaƙen daji na baƙin ƙarfe irin na kamfanonin ESEE da Ka-Bar. Wajen tare ruwa yana aiki sosai, kuma ga wuƙar da za ta kwana a gona ko a jeji cikin damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kaurinsa da kaushinsa suna ja a cikin abin da ake yanka, yana riƙe kitse, yana kuma goguwa a inda itace ke gurzarsa. Bai dace da fiɗa ko girki ba. Cerakote, wani shafe mai haɗe da tangaran wanda aka fi sani a jikin bindigogi, ya fi shi siranta, wajen maikiron 12 zuwa 25, ya fi shi sulɓi, yana zuwa da launuka, kuma yana tare tsatsa ƙwarai muddin bai fashe ba. Shi ma aiki yana cinye shi a hankali, ya fara daga kusurwoyi.

Akwai baƙin da ake samu ta dafa ƙarfe a ruwan sinadari mai zafin kusan digiri 140, wanda ke mai da saman ƙarfen kansa baƙi. Kaurinsa wajen maikiron ɗaya ne, ba ya ɓarewa, ba ya ja, amma yana kodewa da wuri kuma kariyarsa ta dogara ga man da ya sha. Ba mai, ba kariya.

Na sama su ne waɗanda ake ɗorawa a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Taitaniyam naitirayid, mai ruwan zinare irin na bakin wasu ƙusoshin huda ƙarfe, taurinsa ya haura 2,000 a ma'aunin Vickers. DLC, shafen kabon mai kama da daimon, baƙi ne ko toka mai duhu, yawanci taurinsa ya ninka na ƙarfen wuƙa sau biyu zuwa huɗu, ga sulɓi. Kaurinsu maikiron 1 zuwa 4 ne kacal, saboda haka ba sa ƙara ja ko kaɗan, kuma duk yadda fuskar take a ƙasa haka za ta fito: DLC a kan satin zai nuna layuka, a kan feshin gilashi zai yi dishi-dishi. Farin layin da kan bayyana a kansa sau da yawa gurbin abin da aka yanka ne, kamar alminiyam na gwangwani, kuma yana fita da mai da tsumma. Iyakarsa biyu. Sirantarsa tana barin ƙananan ƙofofi, don haka yana rage tsatsa ne, bai kai Cerakote toshe ruwa ba. Sannan ranar da wuƙa ta yi kauri a bayan baki saboda yawan washi, aka zo sirance ta a kan dutse, shafen zai tafi kuma ba a maido shi a gida. Aikin yana da tsada, saboda haka wuƙar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba amma an rubuta DLC a kwalinta, a yi mata gwajin auduga.

Duk wani shafe yana barin wurare biyu a buɗe: bakin, da rubutun da aka ƙona da leza. Mai baƙar wuƙa ta 1095 da ya daina shafa mai don ya ga an rufe ta zai tarar da tsatsa a daidai inda ake yankan.

Zanen damaskas, wato zane mai lanƙwasa da ake gani a jikin wasu wuƙaƙe, shi ma gyaran fuska ne, domin asid ne ke fito da bambancin ƙarafan da aka ninke. Yana dusashewa da wanki, ana kuma sabunta shi da ferik kulorayid. Na jabu zane ne aka buga a sama da leza. Idan wuƙaƙe goma a kan tebur ɗaya zanensu ya zo iri ɗaya sak, bugu ne.

Wacce ga wane aiki

Mahauci da mai fiɗa suna cikin jini da kitse, suna wasa wuƙa sau da yawa a yini, suna wanki da ruwan zafi. Nasu satin ne mai laushi, 400 zuwa sama, ba shafe ko kaɗan. Idan baƙin ƙarfe ne, a bar shi ya yi launinsa. Uwargida ma haka: sitenles mai satin, a wanke da soso mai taushi ana bin hanyar layukan, a goge ta bushe. Kada a jiƙa ta a ruwan bilic, kada kuma ta kwana a cikin kwanukan wanke-wanke, domin sitenles ma yana yin ramuka a haka. Ɗan kasuwa, direba da mai aikin hannu da ke son ta aljihu su nemi wankin tsakuwa, ko DLC na gaske idan aljihu ya yarda. Manomi, makiyayi da mafarauci mai baƙin ƙarfe su ne shafe mai kauri ko baƙin wuta ya yi wa rana. Masunci kuwa ya fara da neman ƙarfe mai yawan kuromiyam, sannan ya zaɓi mafi sulɓin fuska.

Wuri ma yana canza lissafin. A Kano, Katsina ko Damagaram, baƙin ƙarfe tsirara yana wuce hunturu da bazara ba tare da wata wahala ba, sai Yuli da Agusta ne yake neman kulawa. Wuƙar nan ɗaya idan ta sauka Legas, Fatakwal, Akara ko Duwala, inda laima ba ta yankewa kuma iska na ɗauke da gishiri, tana iya yin ja cikin kwana biyu. Mazaunin can ya ɗaga zaɓinsa mataki ɗaya wajen sulɓi ko shafe.

Man da ake shafawa yana da nasa sharaɗi. Wuƙar abinci tana son farin man ma'adini marar ƙamshi irin wanda ake sayarwa a kantin magani. Man gyaɗa yana yi ga wuƙar da ake wankewa kullum, amma idan ta daɗe a ajiye yana daskarewa ya yi danƙo da wari. Baƙin mai na inji ba ya kusantar wuƙar nama.

Wuƙar layya, wadda ke aiki kwana biyu ta huta shekara, ita ta fi kowacce lalacewa a ajiye, kuma kube ne ke kashe ta. Fata tana shan laimar damina ta riƙe, wadda aka jeme da bagaruwa kuma sinadarin jimarta yana haɗuwa da ƙarfe ya baƙanta shi. Bayan sallah a wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a bi mahaɗar ruwa da ƙota da tsohon buroshin haƙori domin nan jini ke ɓuya, a shanya ta ta bushe sarai, a shafa mai siriri, a naɗe ta a takarda mai tsabta, a ajiye kuben a gefe. A tsakiyar damina a buɗe a duba sau ɗaya, a sabunta man.